Jim Thorpe da ƴan wasan makarantar Karlayil

1. Haihuwarsa

Ƙasar Amurka tana can yamma da Nijar, a ƙetaren babbar teku. Tun kafin Turawa su je can, akwai mutane zaune a cikinta, ƙabila-ƙabila, kowace da harshenta da shugabanninta. Turawan da suka isa yankin a shekarar 1492 sun zaci ƙasar Indiya suka sauka, shi ya sa suka kira mutanen Indiyawa. Sunan ya bi su, amma su ne ƴan asalin ƙasar.

Da Turawa suka yi yawa, sai suka shiga ƙwace filaye. An yi yaƙe-yaƙe da dama, sojojin gwamnati suka rinjaya. Aka kori ƙabilu masu yawa daga ƙasar kakanninsu, aka tara su a wani yanki wanda yau ake kira jihar Oklahoma. A cikinsu har da ƙabilar Sak-da-Foks.

A nan ne aka haifi Jim Thorpe, a watan Mayu na shekarar 1887. Tagwaye ne, shi da ɗan'uwansa Charlie. Da a Matamaye aka haife su, da Hasan da Husaini ke nan. Ubansu Hiram manomi ne, mai kiwon dawaki. Uwarsu kuwa sunanta Charlotte. Ban da sunan Turawa, an raɗa wa Jim suna da harshen ƙabilarsu, Wa-Tho-Huk, wato Hanya Mai Haske.

Jim ya tashi a karkara. Yana bin ubansa farauta, yana kama kifi, yana hawan doki, yana tsere da kokowa da sa'o'insa. Shi da Charlie ba sa rabuwa. Amma suna da shekara 9 ciwon haƙarƙari ya kama Charlie a makarantar kwana, ya rasu. Daga nan makaranta ta fita ran Jim. Sau da yawa yakan gudu ya koma gida da ƙafa, tafiyar fiye da kilomita 30, uban ya sake mai da shi. Kafin ya cika shekara 15 uwarsa ma ta rasu.

2. Makarantar da ke hana yara harshensu

A shekarar 1904 aka tura Jim wata makaranta mai nisa, a jihar Pensilvaniya, a garin Carlisle, wanda ake furtawa Karlayil. Bai daɗe da isa ba labari ya zo masa cewa ubansa ya rasu. Ya zama maraya yana ɗan shekara 16.

Wani hafsan soja mai suna Richard Henry Pratt ne ya buɗe makarantar a shekarar 1879, a cikin tsohon barikin soja. Niyyarsa ita ce a raba ƴaƴan ƴan asalin ƙasa da al'adunsu, a mai da su kamar Turawa. In yaro ya zo, sai a aske masa dogon gashinsa, a karɓe tufafinsa na gida, a sa masa kaya irin na soja. Wanda ba shi da sunan Turawa, a ba shi. Ingilishi kaɗai aka yarda a yi, wanda aka ji yana magana da harshen uwarsa sai a hore shi. Dubban yara sun bi ta wannan makaranta. Wasu ba su koma gida ba, an binne fiye da 180 a maƙabartarta.

An yi irin wannan a Afirka ma. A makarantun zamanin mulkin mallakar Faransa, yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci a aji akan rataya masa wata alama ta kunya a wuya. A Nijar sai a shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, sannan ya ɗora Faransanci a kai.

A Karlayil rabin yini karatu ne, rabin yini koyon sana'a. Jim ya koyi ɗinki. An kuma tura shi aikin gona a gidajen Turawa, ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ran nan, a shekarar 1907, yana wucewa ta filin wasa sanye da kayan aiki, sai ya tarar da ƴan tsalle suna ta fama da sandar da aka gitta, sun kasa tsallake ta. Tsayinta mita 1 da santimita 75. Ya nemi izini, ya taho da gudu, ya tsallake. Labari ya kai kunnen mai horar da ƴan wasan makarantar, Glenn Warner. Nan da nan ya sa shi cikin ƴan guje-guje.

3. Ƙwallon Amurka

Jim bai tsaya ga gudu da tsalle ba, ya ce shi ƙwallo yake so. Amma wannan ƙwallo dabam yake da wanda yara ke bugawa a Matamaye da Kance. Siffarsa kamar ƙwallon dabino, dogo, mai tsini a baki biyu. Akan ɗauke shi a hannu a ruga da shi, akan jefa, akan kuma buga da ƙafa.

Kowane gefe mutum 11 ne. Tsawon fili ya kusa mita 100. Wanda ya san langa zai gane wasan da sauri. Mutum ɗaya ke riƙe da ƙwallo yana neman ya kai gida, wato ƙarshen filin abokan karawa. Ƴan gefensa suna kare shi, su kuwa waɗancan suna neman su kama shi su ka da shi, kamar a kokowa. In ya kai gida, an ci maki 5. Daga shekarar 1912 aka mai da su 6. Bayan haka akan ba su bugu ɗaya da ƙafa, in ya yi kyau a ƙara maki 1. Akwai kuma wata hanyar ci: a tsaya daga nesa a buga ƙwallo ya bi ta saman sandar da ke tsakanin turaku biyu. Wannan maki 3 ne.

Wasan yana da haɗari. A shekarar 1905 kaɗai aƙalla mutum 18 suka mutu a cikinsa, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya sa baki, aka gyara dokoki. Lokacin wasan kuwa daga Satumba zuwa Nuwamba ne, daidai da kaka a ƙasar Hausa, sa'ad da ake girbin hatsi ana shirin kokowa.

A wancan zamani manyan jami'o'i ne ke da ƙungiyoyi masu ƙarfi. Karlayil ba jami'a ba ce, makarantar sana'a ce. Ƴan wasanta ba su kai na jami'o'i yawa ko nauyin jiki ba. Manyan wasanninsu kuma duk a filin wasu suke yi. To, da yake ba su da nauyi, sai suka dogara ga sauri da dabara. Sukan yi kamar za su bi dama, su bi hagu. Sukan miƙa wa juna ƙwallo a ɓoye, ko su jefa shi nesa.

Da farko Warner ya ƙi sa Jim, don kada a karya masa gwanin gudu. Da ya matsa, sai ya ba shi ƙwallo a wajen gwaji, ya sa sauran su tare shi. Jim ya ratsa su duka, babu wanda ya iya ka da shi. Ya buga wa makarantar a 1907 da 1908. Sa'an nan ya bar karatu shekara biyu. A lokacin ne ya tafi jihar Karolina ta Arewa, ya shiga wasan besbol, wanda ake bugun ƙaramin ƙwallo da kulki. Ana biyansa kuɗi kaɗan, wani lokaci dala 2 kacal a wasa. Ɗalibai da yawa suna yin haka lokacin hutu, amma da sunan ƙarya. Shi Jim sunansa na gaskiya ya rubuta.

4. Kakar 1911

A shekarar 1911 Jim ya koma Karlayil. Ya zama ƙato, mai faɗin ƙirji, ga gudu, ga ƙarfin ƙafa. Ƙungiyar ta fara kakar wasa da ci, ta yi ta ci, har wasa takwas a jere.

Ran 11 ga Nuwamba suka je jami'ar Harvard. Ita ce jami'a mafi tsufa a Amurka, an kafa ta tun 1636, ƴaƴan masu kuɗi da masu mulki ne ke karatu a cikinta. A shekarar da ta gabata babu wanda ya ci ƙungiyarta. Dubban mutane suka cika filin. Mutanen Harvard sun raina baƙin, har suka fara wasan da ƴan wasansu na biyu.

Jim yana fama da ciwo a ƙafa, an ɗaure ta da bandeji. Duk da haka da wannan ƙafa ya buga ƙwallo sau huɗu daga nesa, kowane ya bi ta saman sanda. Bugu ɗaya daga nisan fiye da mita 40 ne. Maki 12 ke nan. Wani abokinsa ya kai ƙwallo gida, aka sami 5, Jim ya buga ya ƙara 1. Da Harvard ta ga abin ya ɓaci, sai ta sako manyan ƴan wasanta, amma ba su iya ramawa ba. Aka tashi Karlayil 18, Harvard 15.

Mako ɗaya bayan haka jami'ar Syracuse ta ci su da maki ɗaya tak, 12 da 11. Wannan ne kawai faɗuwarsu a shekarar. Sun yi wasa 12, sun ci 11. Aka sa sunan Jim cikin ƴan wasa 11 mafiya gwaninta a ƙasar duka.

5. A ƙasar Suwidin

Duk shekara huɗu ƙasashen duniya kan haɗu su yi gasar Olamfik. A wannan gasa ce ɗan dambe Issaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla a 1972, Abdul Razak Issufu Alfaga kuma ya samo ta azurfa a 2016. Ta shekarar 1912 a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin aka yi ta. Jim ya tafi a jirgin ruwa tare da Warner da wani ɗalibin Karlayil, Lewis Tewanima, ɗan ƙabilar Hopi.

Jim ya shiga gasa biyu masu wuya. Ta farko wasa biyar ce a haɗe. Ya zo na ɗaya a huɗu daga ciki, ya ɗauki lambar zinariya. Ta biyu wasa goma ce a cikin kwana uku: gudun mita 100 da 400 da 1500, gudu da tsallake shinge, dogon tsalle, tsallen sama, tsalle da gora, jifan mashi, jifan dalma, da jifan faifai. Ana cikin gasar takalmansa suka ɓace. Aka samo masa wasu guda biyu waɗanda ba kafa ɗaya ba, ɗaya ya yi masa yawa, sai ya ƙara safa. Da su ya yi wasa. Ya tara maki fiye da 8400, ya ba na biyu ratar kusan 700. Sarkin Suwidin, Gustaf na Biyar, shi ya miƙa masa lambobinsa. Tewanima kuma ya zo na biyu a gudun mita 10000.

6. Kakar 1912

Da suka dawo gida aka yi musu babbar tarba. Amma Jim bai huta ba, don kakar ƙwallo ta zo. A cikin mako goma Karlayil ta yi wasa 14. Jim ne kyaftin. Tare da shi akwai Gus Welch, mai tsara yadda za a kai hari, da Alex Arcasa, da Joe Guyon, da Pete Calac. Ba dukansu ne ƴan ƙabila ɗaya ba, amma a fili bakinsu ɗaya.

Wasan da ba a manta da shi ba shi ne na ran 9 ga Nuwamba, a West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka. Wannan ba wasa ba ne kamar sauran. Shekara 22 kacal kafin nan, a Disamba 1890, sojojin Amurka sun kashe mutane fiye da 200 na ƙabilar Lakota a wani wuri mai suna Wounded Knee, har da mata da yara. Iyaye da kakannin ɗaliban Karlayil da yawa sun yi yaƙi da wannan rundunar. Yanzu ga ƴaƴansu tsaye gaba da gaba a fili ɗaya, doka ɗaya, alƙali ɗaya.

Sojoji ne suka fara ci, maki 6. Daga nan ba su ƙara ba. Ƴan Karlayil suka fito da sabon tsarin da Warner ya koya musu, suka rikita su. Jim ya yi ta ratsa su da gudu yana kai ƙwallo kusa da gida, Arcasa yana ƙarasawa. Arcasa ya kai gida sau uku. Aka tashi 27 da 6. A cikin ƴan wasan soja na ranar akwai wani saurayi mai suna Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya shugabanci Amurka daga 1953 zuwa 1961.

Mako na gaba jami'ar Pensilvaniya ta ci su 34 da 26. Suka farfaɗo, suka rufe kakar da cin jami'ar Brown 32 da 0. A wannan wasa Jim shi kaɗai ya ci maki 26. Lissafin shekarar: ci 12, faɗuwa 1, kunnen doki 1. Jim ya tara wajen maki 200, aka sake sa shi cikin gwanayen ƙasa.

7. An karɓe lambobin

A watan Janairu 1913 wata jarida ta buga labarin kuɗin da aka biya shi a wasan besbol. A wancan zamani dokar Olamfik ta hana duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi a wasa shiga gasar. Wannan doka ta fi yi wa ƴaƴan masu hali daɗi, don su ba sa bukatar a biya su. Sauran ɗaliban da suka yi abin da Jim ya yi sun tsira, saboda sun ɓoye sunansu. Shi kuwa sunansa na nan a rubuce.

Jim bai yi musu ba. Ya rubuta takarda ya amsa, ya bayyana cewa bai san dokar ba. Manyan da ke kansa ba su tsaya masa ba. Akwai ƙa'idar da ta ce duk mai ƙara ya kawo ta cikin kwana 30 bayan gasa, ga shi an yi wata shida, amma ba a duba wannan ba. Aka karɓe lambobin biyu, aka share sunansa daga littafin gasar. Hugo Wieslander na Suwidin, wanda ya zo na biyu a wasa goma, bai taɓa ɗaukar kansa zakara ba, ya san Jim ne ya ci.

Jim ya bar Karlayil a wannan shekara. Makarantar kuma aka rufe ta a 1918.

8. Sauran rayuwarsa

Daga nan wasa ya zama sana'arsa. Ya buga besbol a manyan ƙungiyoyi daga 1913 zuwa 1919. Ya buga ƙwallo a ƙungiyar garin Canton, suka zama zakaru a 1916 da 1917 da 1919. A 1920 aka zaɓe shi shugaban farko na haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwallon sana'a, wadda aka sa wa suna NFL a 1922. Ya bar wasa a 1928, yana da shekara 41.

Bayan haka rayuwa ta yi masa wuya. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, aiki ya yi ƙaranci. Ya yi lebura, ya yi gadi, ya fito a fina-finai ana ba shi ƙananan wurare. Shan giya kuma ya cutar da shi da iyalinsa. Duk da haka ya yi ta yawo yana magana a kan haƙƙin ƴan asalin ƙasa. A 1950 ƴan jarida suka zaɓe shi gwanin ƴan wasan Amurka na rabin ƙarni. Ya rasu ran 28 ga Maris 1953 a jihar Kalifoniya, ba shi da dukiya. An binne shi a wani gari na Pensilvaniya wanda bai taɓa zuwa ba, garin ya ɗauki sunansa a 1954.

Ƴaƴansa da masoyansa ba su daina neman haƙƙinsa ba. A 1982 kwamitin Olamfik na duniya ya yarda ya mai da sunansa. A Janairu 1983 aka miƙa wa ƴaƴansa sababbin lambobi, shekara 30 bayan rasuwarsa. Amma an rubuta shi ne tare da waɗanda suka zo na biyu, kamar sun yi kunnen doki. Sai ran 15 ga Yuli 2022, shekara 110 cif bayan gasar, kwamitin ya tabbatar cewa shi kaɗai ne zakaran gasar biyu. Dokar da ta hana masu karɓar kuɗi shiga Olamfik kuwa an daɗe da yin watsi da ita.

Harshen da aka raɗa masa suna da shi ya yi rauni ƙwarai, saboda makarantu irin na Karlayil sun raba yara da shi. Masu jinsa sosai sun rage ƴan kaɗan. Mutanen ƙabilar Sak-da-Foks sun tashi tsaye suna koya wa ƴaƴansu shi, suna rubuta shi a littattafai.

Ma'anar kalmomi

Ƴan asalin ƙasa: mutanen da aka tarar a ƙasa kafin zuwan baƙi.
Kakar wasa: watannin da ake yin gasa a cikin shekara.
Kunnen doki: a tashi wasa babu wanda ya ci wani.
Kyaftin: ɗan wasan da ke shugabantar ƴan'uwansa a fili.
Zakara: wanda ya zo na ɗaya a gasa.

Tambayoyi

1. Mene ne sunan Jim Thorpe da harshen ƙabilarsu? Me yake nufi?
2. Me ake yi wa yaro in ya zo makarantar Karlayil? Ina bambancinta da makarantar gwaji?
3. Ta ina ƙwallon Amurka ya yi kama da langa? Ta ina ya yi kama da kokowa?
4. Ku lissafa yadda Karlayil ta tara maki 18 a wasanta da Harvard.
5. Don me wasan West Point ya fi sauran nauyi a wurin ɗaliban Karlayil?
6. Don me aka karɓe lambobin Jim, aka ƙyale sauran ɗaliban? A ganinku an yi adalci?
7. Shekara nawa tsakanin karɓe lambobin da miƙa wa ƴaƴansa sababbi?
8. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku yadda makaranta take a zamaninsa, ku rubuta abin da ya gaya muku da Hausa.